Kabad Marar Ƙofa

"Na ce ka rufe ta ruf, ba na son ƙofa!" in ji Mama.

"Tukunyar gas ce fa, Mama, ita ke ɗumama mana gida. In babu ƙofa, ta ina mai duba ta zai kai hannu? Hayaƙinta ba ya wari, kisa kawai yake yi."

"Oho dai. Wata shida kana koyon kafinta, har ka zama malamina? Buga katakonka."

Sati uku ina gyaran kicin ɗin nan, ba ta taɓa sa mini baki ba sai yau. Ta tsaya a kaina da kofin shayi.

Na ajiye guduma. Na zura kai lungun da ke tsakanin tukunyar da bango don in auna, na haska da wayata.

A jikin ƙarfen akwai jerin kwanan wata da baƙin alƙalami, ɗaya duk shekara kafin sanyi, ranar da aka duba ta. Na san rubutun. Na Baba ne, wanda Mama ta ce ya tsallaka teku shekara biyar da suka wuce, ko waiwayarmu bai yi ba.

Layin ƙarshe na watan jiya ne.

Na zaro kaina a hankali. Mama ta juya baya, tana kallon ruwan sama ta taga.

"Mama, ni ina nake duk ranar da ya zo?"