Ganyen Dabino a Mariƙin Adda

Ranar Lahadin dabino ce a Godogodo, ranar da muke tunawa da shigar Almasihu Urushalima, ana ta raɗe-raɗin za a kawo mana hari. Na dawo daga coci da ganyen dabinona a hannu, na tarar da Baba yana wasa adda a kan dutse.

Ya ce, "Almasihu sarki ne. Shi zai shige mana gaba mu gama da maharan."

Kaka tana yanka citta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, mutanen Urushalima ma mayaƙi suke jira. Da suka gan shi a kan jaki, babu takobi, kafin Jumma'a ta wuce sun sa an gicciye shi."

Baba ya karɓi ganyena, ya naɗe mariƙin addar da shi.

Har yau, in yara suna kaɗa ganyen nan suna waƙa, ƙarar dutsen nake ji.