Ranar Sa Fure

Mahaifiyar Ilango da gwaggonninsa suna zaune a falo, da faranti cike da furen yasmin. Da zarar sun soka wa Thenmozhi furen a kitso, maganar aurenta da Ilango ta tabbata.

Ilango ya same ta a bayan gida, bakin rijiya. Ba ta yi kitso ba. Ta naɗe gashinta sama, ta danne shi da abin kama gashi mai haƙora, mai zanen jelar ɗawisu.

Nan take ya gane abin. Tare suke da amininsa Kathir a kasuwar Madurai ranar da aka saye shi. Kathir ya ce na ƙanwarsa ne, har Ilango ya taya shi zaɓe.

"Yaushe kika zama ƙanwar Kathir?" ya tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai.

"Cire shi. Ana jiranki. A ina za a sa furen?"

Ta kai hannu, ya ɗauka cirewa za ta yi. Sai ta gyara masa zama.

"Shi Kathir ni ya tambaya," ta ce a hankali. "Kai babana ka tambaya."