Bakin da Ya Sayar da Kasuwar Tanut

Yahuza ya jefar da tiyar awo, ta yi ta gangarawa har rumfar mahauta. Sankira ya gama shela ke nan: Kumandan, Baturen mulki, ya ce kasuwar Tanut na da lafiya, don haka an ƙara lanho, wato haraji, a kan kowane ɗan kasuwa.

Shekarar fara ce, ko wadda ta biyo ta, Allah masani. Abin da ba a mantawa shi ne zango ya yi fayau. Ayarin Abzinawa mai kawo gishiri ya koma da hatsi bai sauko ba. Yahuza, babban dillalin hatsin garin, raƙumi ɗaya ya rage masa, kuma wannan ƙarin shi zai cinye shi.

Kowa ya san yadda Bature ke auna kasuwa. Yana duban raƙuman zango, ya dubi tsadar tiya, sannan ya ji ta bakin wani babba da ya amince da shi. Biyun farko makaho ma ya gani. Ashe akwai munafuki.

Yahuza ya yi rantsuwa sai ya tona shi. Ya daina gaisawa da sarkin pawa. Ya kori maƙwabcin rumfarsa daga tabarma. Ran kasuwa Kumandan ya biyo bisa doki kamar kullum, ya jefo gaisuwarsa da karyayyar Hausa, Yahuza ya amsa a gurguje, idonsa na kan jama'a, yana neman wanda zai matsa kusa da dokin. Ba wanda ya matsa.

Da la'asar ya tare Mato tafinta bakin rijiya, ya shaƙe masa wuyan riga.

"Kai, ɗan ƙanena! Faɗa mini la'anannen da ya kashe mu, ko in tura ka ciki!"

"Baba, sake ni. Wallahi na gaya wa Kumandan gaisuwa ce kawai. Ya ce tafinta maƙaryata ne, shi da kunnensa yake ji."

"Yake jin me? Daga bakin wa?"

Mato ya gyara rigarsa, ya kasa ɗaga ido.

"Duk ran kasuwa yana tambayarka, 'Yahuza, yaya kasuwa?' Kai kuma kana ce masa, 'Lafiya lau, sai godiya.'"