Guɗar Iya Saude

Tun da aka buɗe shagunan goge murya a Damagaram, masu naɗar wasan jita a waya suka huta da 'yan ihu. Sai dai duk muryar da aka goge, takan ɓace daga kowace waya a ƙasar.

Da hantsi Zailani ya kai naɗinsa na wasan bara. Mai shagon ta kunna. Daidai inda makaɗin ya saki jitar, sai wata mata ta rangaɗa guɗa, doguwa, ta rufe komai.

"Ita ce. Cire min ita," in ji Zailani.

"Malam, guɗa ce fa, ba ihu ba. Ka san mai ita?"

"Iya Saude ce, maƙwabciyata. Ta rasu da azumi."

Mai shagon ta janye hannunta. "To ai duk saƙon muryar da ta bar wa iyalinta zai tafi."

"Shekara guda ina jiran wasan nan, ta zo ta ɓata min. Danna!"

Ta danna.

Da ya dawo gida, ya tarar da Baba Tanimu, mijin marigayiyar, zaune a dakali yana ta girgiza wayarsa yana kara ta a kunne.

"Zailani, duba min abin nan. Kullum da azahar Saude ke ce min in sha magani. Yau ta yi shiru."

"Sabis ne, Baba. Zai dawo."

Ya wuce ɗaki, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Jitar ta fito tas.