Tudun Yashin Tsaya-Haka

Da sanyin safiyar wata Talata, Tsaya-Haka ya ɓata hanya a bayan gari yana ƙoƙarin zille wa Dogo, sai ya yi kiciɓis da tudun.

Sunan nasa daga aiki ya same shi. Ya daɗe yana ɗaukar hoto, kuma ko gaisuwa ka tsaya yi da shi sai ya gyara maka kafaɗa ya ce ka tsaya haka. Dogo kuwa shi ne mai hoton da shagonsa ke kallon nasa, mutumin da bai taɓa gano wurin ɗaukar hoto da kansa ba, sai dai ya bi bayan wani a babur.

Garin a bakin hamada yake, amma wuraren hotonsa sun ƙare. Tsohuwar rijiya, bishiyoyin dabinon nan da suka sunkuya, rusasshen bangon da rana ke faɗuwa a bayansa, duk falon da ka shiga su ne a rataye, fuskoki ne kawai ke sauyawa. Tuddan yashin da ke kusa sun cika da leda da sawun awaki. Don haka mai hoton da ya samu sabon wuri yakan ɓoye shi ko ga matarsa.

Wannan tudun babu leda, babu sawu, ko tsakuwa ɗaya babu, sai ka ce tankaɗe shi aka yi. Tsaya-Haka ya durƙusa a gabansa, ya ga idan ya yi ƙasa da kyamara, tudun da sama ne kawai ke fitowa. Ya kusa hawaye.

Ya kafa wa kansa doka. Ta wani kwari zai riƙa shigowa da masu son hoto, a ƙafa, bayan sun rantse ba za su faɗa wa kowa ba. Da fitowar rana za a fara, kafin ta yi zafi an watse. Ba a hawa sama, ba a zagayawa baya, don sawu ɗaya ya isa ya lalata hoto. Shi kansa bai taɓa zagayawa ba.

Wani tsoho ne kullum a gindin tudun, zaune kan benci da butar shayinsa. Ba ya hana kowa komai. Abu ɗaya yake nema, duk mai tafiya ya kakkaɓe takalminsa da aljihunsa. Ran da wata malamar asibiti ta cika kwalba da yashin don tunawa, har cikin kwarin ya bi ta ya sa ta juye. Tsaya-Haka ya yi mata bayani cikin ƙasa da murya cewa mutanen hamada haka suke da ƙasar kakanninsu. Ta ji kunya, ta koma ta ba tsohon haƙuri.

Tudun ba ya kwana da kama ɗaya. Yau ga shi sumul, gobe gefensa a gutsure. Tsaya-Haka ya ce aikin iska ne, kuma da haka ake gane tudu na asali. Tsohon ya taɓa ce masa yashi mai kyau irin wannan ba ya daɗewa a wuri. Ya ɗauki maganar a matsayin hikima, har ya maimaita ta a wajen wata ta'aziyya.

Hotunan suka zagaya gari, suka kai ga manajan babban otal, wanda ke ƙara sabon sashe yana neman ƙaton hoto na ɗakin karɓar baƙi. Duk mai hoton da aka zaɓi nasa, shi zai riƙa kai baƙin otal yawon hoto. Dogo ya riga Tsaya-Haka zuwa ofishin, ya ce shi a garin nan aka haife shi, babu irin wannan tudun, a kwamfuta aka haɗa.

Manaja ya yanke magana. Ranar Asabar zai je ya gani da idonsa. In akwai tudu, aikin na Tsaya-Haka ne. In babu, na Dogo ne, kuma kada ya sake ganin ƙafar Tsaya-Haka a otal.

Tsaya-Haka ya ƙaurace wa wurin duk makon, kada a bi sawunsa a gurɓata masa yashi. Ranar Asabar da kansa ya gayyaci Dogo, don ya fi so a kunyata shi a gaban shaida.

Suka bi kwarin a jere, manaja na tsakiya da kwat da takalmi mai sheƙi, yana haki. A bakin fita Tsaya-Haka ya roƙe su su rufe ido. Manaja ya rufe. Dogo ya rufe ɗaya.

Fili ne fetal, sai benci da tsoho da buta.

Tsaya-Haka ya duba gabas, ya duba yamma, ya leƙa cikin kyamara ko a can zai ga tudun. Ya ce wataƙila kwarin suka sauya. Dogo ya ɗaga tasa kyamarar, ya saita fuskar Tsaya-Haka.

"Tsaya haka, maƙwabci," in ji shi, ya danna.

Manaja ya buɗe ido, ya dubi filin, ya dubi takalminsa, sannan ya dubi agogo.

"Baba," in ji Tsaya-Haka, "ina tudun?"

Tsohon bai ko dube shi ba. Ya riga ya miƙe, ya rusuna wa manaja.

"Ranka ya daɗe, ai da ka aiko, ba sai ka taso ba. Jiya tifa ta kwashe ragowar yashin da ka saya a wajenmu, an kai maka wurin gini. In bai isa filasta ba, ranar Litinin za a sauke mana wani."