Wanda Ke Jin Ƙishin Tukwane

Wata mata ce da ƙanenta. Shekara tara ƙanen yana aiki a lambun shaƙatawa, a rumfar rainon tsirrai. Ba ya kallon idon mutum, ba ya jure hayaniya, gaisuwarsa kalma ɗaya ce. Likita ya ce haka halittar ƙwaƙwalwarsa take. Abokan aiki suka sa masa Shiru-shiru.

Kullum da safe sai ya bi tukwanen shuka ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guntun katako. Wadda ta yi amo ƙishi take ji, sai ya ba ta ruwa. Wadda ta yi dum, ya wuce ta.

Sai aka kawo sabon shugaba, irin masu ilimin takarda.

"Wannan kiɗan me yake mana? Lambu ne nan ko gidan mahaukata?"

Ya mayar da shi bakin ƙofa, gindin lasifika, yana yagar tikiti. A kwana na uku jama'a suka yi masa caa. Ya durƙusa ya toshe kunne yana ihu, mutane suna ɗauka da waya. Shugaba ya sallame shi a gabansu.

Yayarsa ce ta zo ta fito da shi daga ƙarƙashin teburin tikiti, inda ya ɓuya. Ta kai shi gida. Ta dai ƙulla abin a ranta.

A rumfa kuwa aka ja tiyo ana feshe kowace tukunya daidai wa daida. Cikin wata guda saiwoyi suka fara ruɓewa. Da hukumar lambu ta sa ranar zuwa dubawa, sai ga shugaba a ƙofar gidan yayar.

"Hajiya, a taimaka. Kwana biyu kawai, ya zo ya duba mana."

"Wa? Mahaukacin? Ai kiɗa yake yi, ranka ya daɗe. Ku masu hankali ku je ku ci gaba da ban ruwa."

Ta rufe ƙofa. Washegari ta kai wa hukuma bidiyon sallamar ƙanenta da hannunta. Da aka kori shugaban ta ji daɗi har cikin ƙashinta, ba ta kuma ɓoye ba.

Ta shiga ɗaki ta ba ƙanenta labari. Bai tambayi labarin shugaba ba.

"Yaya, tsirran sun mutu?"

"Duka."

Ya juya fuskarsa bango. Har yau bai sake fita waje ba.

Jama'a, wanda halittarsa ta bambanta da taku ba mahaukaci ba ne. Ku tambaye shi yadda yake iya aiki, ku bar masa wurin. Korar azzalumi ba ta gyara mutumin da aka riga aka karya.