Murɗaɗɗun Malam Simeon

Kullum da safe sai Malam Simeon ya naɗe wayarsa, ya liƙa mata suna, kafin ya hau babur zuwa Kurfi inda yake koyar da kimiyya. Wayar ƙarfe ce da ya zira wa duwatsun wuya, kowane dutse a madadin ƙwaya ɗaya ta sarƙar furotin, sinadarin gina jiki. Aikin digirinsa na biyu ke nan a 1984: hasashen ƙwayoyin da za su taɓa juna in sarƙar ta naɗe, da wata dabara da ya ƙago. Da yamma in ya dawo Dutsin-Ma, sai ya buɗe mujallar da ke da hotunan ainihin siffofin, ya gwada.

Gaskiya bai taɓa leƙa hoto kafin naɗi ba. Mujallar ma matarsa Veronica ya ba ajiya, kada Shaiɗan ya ja shi.

A rukunin furotin masu murɗewa kamar igiya, dabarar na cin tara cikin goma. Har mamakin kyan hannunsa yake yi. A rukunin masu shimfiɗuwa kamar tabarma kuwa, mai canki-canka ma ya fi ta. Malam ya cika shafi arba'in yana bayanin dalili. Kai ya kumbura, ya ajiye koyarwa, wai Ingila na jiransa. Veronica, wadda kitso ne sana'arta, sai man kaɗanya take ta shafa wa yatsunta.

Ranar kare aiki a jami'a, farfesa ya miƙa masa sabuwar sarƙa daga rukunin murɗaɗɗu, ya ce ya naɗe nan take. Ya naɗe, aka duba: biyu cikin goma. Aka ba shi wata sarƙar, ya ci ɗaya. Farfesa ya cire tabarau, ya ce ya koma gida ya nemo inda tarar nan ta fito.

Ya iso gida ba digiri, ba aiki, ya tasa wayoyin a gaba ya yi tagumi. Tausayi ya kama Veronica. Ta ajiye masa tuwo.

"Maigida, ai da ka tafi da ni," in ji ta. "Masu kama da tabarmar nan ne kawai suka gagare ni. Amma murɗaɗɗun, da ka fita nake buɗe hoton in gyara maka su tsaf, tunda na ga kullum ba ka iya kwaikwayonsa daidai."